Malamin Yahudawan Da Ya Bi Sawun 'Yan Koli

A birnin Cincinnati na jihar Ohio ta ƙasar Amurka, akwai wani gini a cikin harabar makarantar horar da malaman addinin Yahudu, inda aka jibge takardu sama da shafi miliyan 10. Duk wanda ya ji wannan adadi zai zaci littattafan addini ne zalla. Akwai na addinin kam, amma a cikin akwatunan nan har da irin takardun da kowane ɗan kasuwa ya sani: littattafan bashi, rasidai, wasiƙun da wani ya aika wa abokin cinikinsa a wani gari, takardun rabon gado, da na shari'a a kan kuɗin da aka ƙi biya. Mutumin da ya soma tara su sunansa Jacob Rader Marcus, malamin addinin Yahudu ne, wato abin da su ke kira rabbi, kuma shehin malamin tarihi. Ya rasu a ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1995 yana da shekara 99, kuma takardunsa na kansa yanzu suna nan ajiye a cikin taskar da ya kafa.

Mun ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa 'yan kasuwa labarin wannan mutum, domin yawancin waɗanda ya ɓata rayuwarsa yana bin sawunsu masu saye da sayarwa ne, wasunsu ma a bakin iyaka suka ci abincinsu, kuma a bakin iyakar suka gamu da fitina.

An haifi Marcus a ranar 5 ga watan Maris na 1896 a yankin Connellsville na jihar Pennsylvania. Mahaifinsa baƙo ne da ya yi ƙaura daga Lituwaniya, ya taɓa koli kafin ya kai ga buɗe kantin tufafi. Yaron yana da shekara 15 aka kai shi Cincinnati, makarantar Hebrew Union College wadda wani malami mai suna Isaac Mayer Wise ya kafa a 1875. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, ya shiga sojan Amurka, aka tura shi Faransa. Da ya dawo aka naɗa shi rabbi a 1920, kuma a shekarar makarantar ta ɗauke shi koyarwa. Daga nan bai sake wurin aiki ba har mutuwarsa, shekara 75 ke nan.

Wani abin lura shi ne karatun da ya je yi a Jamus. A 1925 jami'ar Berlin ta ba shi digirin dakta, kuma abin da ya yi bincike a kai shi ne huldar ciniki tsakanin Ingila da Jamus daga 1576 zuwa 1585. Malamin addini ne, amma a kan kasuwanci ya fara gwada alƙalaminsa.

A 1934, shekara guda bayan Hitler ya hau mulki, Marcus ya fitar da littafi a kan Yahudawan Jamus, ƙasar da ya zauna ya kuma san mutanenta. A ciki ya yi hasashen cewa za a matsa musu ƙwarai, amma al'ummar za ta ɗore. Hasashen bai ci ba. Kafin 1945 an hallaka Yahudawan Turai kimanin miliyan 6, kuma a garuruwa da yawa wuraren ibadarsu da littattafan da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa duk sun bi su. Akwai garuruwan da al'umma ta zauna shekaru ɗaruruwa, amma aka wayi gari babu mutanen, babu kuma takardar da za ta nuna sun taɓa zama. A ganinmu wannan ne ya sa mutumin ya rage hasashe, ya koma ga abin da hannu zai iya taɓawa. Bayan yaƙin, Yahudawan Amurka ne suka zama mafi yawa a duniya, alhali tarihinsu na warwatse a cikin akwatuna da ɗakunan ajiyar shirgi na gidajen mutane. A 1947 Marcus ya sami amincewar shugaban makarantar, Nelson Glueck, ya buɗe taskar da ake kira American Jewish Archives. A shekarar da ta biyo baya taskar ta fara fitar da mujallarta.

Dabarar da ya yi amfani da ita mai sauƙi ce, ɗan kasuwa kuma zai gane ta nan take. Ya san mutum ba ya son rabuwa da wasiƙar kakansa, don haka ba ya nacewa sai an ba shi ta asali. In mai takarda ya yarda a ɗauki hotonta, ko a naɗe ta a siririn fim ɗin nan da ake ɗaukar takardu da shi a wancan zamani, ya wadatar. Ga shi kuma yana da wakilai a ko'ina ba tare da ya biya ko sisi ba, domin ɗaliban da ya koyar suna watsuwa cikin garuruwan Amurka suna limanci, shi kuwa yana bin su da roƙon su aiko da littattafan taron wuraren ibadarsu da takardun tsofaffin iyalai. Da ɗan gari akan ci gari. A 1952 ma da kansa ya jagoranci wata tafiya zuwa tsibiran Karibiyan da gaɓar Kudancin Amurka, wurare irin su Curaçao da Suriname da Jamaika, inda Yahudawa 'yan kasuwa suka zauna tun ƙarni na 17, ya ɗauko hotunan takardunsu kafin zafi da danshi da gara su gama da su.

Yahudawan farko da suka sauka a matsayin jama'a a wurin da ya zama New York su 23 ne, a 1654, sun gudo daga Recife ta Barazil bayan Turawan Fotugal sun ƙwace garin daga hannun 'yan Holan. Gwamnan wurin, Peter Stuyvesant, ya so ya kore su, amma kamfanin cinikin Holan da ke riƙe da yankin ya hana shi, kuma cikin dalilan har da cewa akwai Yahudawa masu hannun jari a kamfanin. Daga wannan ɗan ƙaramin ayari Marcus ya bi labarin, har ya fitar da littafi mai juzu'i 3 a 1970 a kan Yahudawan Amurka kafin samun 'yancin ƙasar a 1776. Wanda ya buɗe shi zai tarar da jiragen ruwa, da fatun namun daji, da kyandir, da bashi, da karayar jari.

'Yan kolin da suka fi ɗaukar hankalinmu su ne na ƙarni na 19, samarin da suka kwararo daga ƙauyukan Jamus. Tsarin nasu bai bambanta da wanda muka sani ba. Baƙo zai sauka wurin wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, a haɗa shi da babban ɗan kasuwa mai sari, a ba shi kaya bashi, allura da zare da madubi da yadi da maɓalli, ya ɗaure a baya ya shiga ƙauyuka a ƙafa, gida gida. In ya dawo ya biya, a ƙara masa. Mai sa'a ya sayi doki da amalanke, daga nan ya kama rumfa, wata rana shi ma ya zama mai ba wasu kaya. Cincinnati kanta cibiya ce ta wannan harka, domin masu ɗinkin tufafi da masu sari na garin su ne ke cika wa 'yan koli jaka su bazu yamma da kudu.

Ɗaya daga cikinsu, Abraham Kohn, ya riƙa rubuta abin da ke faruwa da shi kullum a cikin wani ɗan littafi da Jamusanci, a shekarun 1842 da 1843, lokacin da yake yawon koli a arewa maso gabashin Amurka. Mujallar taskar Marcus ta buga fassarar littafin a 1951. Babu alfahari a ciki ko kaɗan. Kukan nauyin kaya ne, da ƙanƙara, da rashin ciniki, da neman wurin kwana a gidajen manoma, da damuwar da ke cin ransa na cewa neman abinci ya hana shi kiyaye ranar Asabar yadda addininsa ya ce, har yana tambayar kansa ko barin gida ya yi amfani. Duk fataken da ya taɓa kwana a tasha yana lissafin uwar kuɗi zai gane wannan murya. Kohn daga baya ya zauna a Chicago, ya yi arziki, har ya riƙe muƙamin magatakardan birnin. Da a ce labarin da jikoki ke bayarwa kawai ya rage, da ƙarshen nan mai daɗi za a riƙa ji, wahalar farko kuwa ta bi ruwa.

Sunayen wasu daga cikin waɗannan baƙi sun zagaye duniya. Henry Lehman ya isa Amurka a 1844, ya buɗe kanti a Montgomery ta jihar Alabama, inda shi da 'yan uwansa suka riƙa karɓar auduga daga manoma a madadin kuɗi, har cinikin audugar ya fi na kantin. Wannan kanti ne ya zama bankin Lehman Brothers da ya durƙushe a 2008 ya girgiza kasuwannin duniya. Levi Strauss kuwa ya sauka San Francisco a 1853 yana sarin yadi da kayan masarufi, a 1873 kuma shi da wani tela mai suna Jacob Davis suka yi rajistar wandon nan mai ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu, jins ɗin da ke cike da dilolin gwanjo a kasuwanninmu. To amma ko shi bai tsira da takardunsa ba. Girgizar ƙasa da gobarar da suka afka wa San Francisco a 1906 sun cinye ofishin kamfanin da tsofaffin littattafansa, shi ya sa har yau akwai giɓi a labarin shekarunsa na farko.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ke cikin irin waɗannan takardu abin yabo ne. Littafin ciniki ba ya kunyar kowa. Aaron Lopez, wanda ya baro Fotugal ya zauna a Newport a 1752, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran garin ta hanyar kyandir da jiragen ruwa, kuma wasu daga cikin jiragen nasa sun zo gaɓar Afirka ta Yamma sun ɗebi bayi. Takardun cinikinsa ne suka tabbatar da haka, Marcus kuma bai ɓoye ba, ya rubuta. A 1991 ƙungiyar Nation of Islam ta Amurka ta fitar da wani littafi da ya tsinci maganganu daga rubuce-rubucen Marcus da na wasu masana, don nuna cewa Yahudawa ne ƙashin bayan cinikin bayi. Masana tarihi suka koma kan takardun jiragen ruwa da na haraji, cikinsu har da Eli Faber a littafinsa na 1998, suka nuna cewa Yahudawa sun shiga wannan mummunan ciniki, amma rabonsu ƙarami ne idan aka kwatanta da na manyan kamfanonin Ingila da Fotugal da Faransa da Holan. Da zargin da amsar duka daga cikin akwatunan takardu suka fito.

Labarin da muke ganin ya fi kusa da masu cin kasuwar iyaka shi ne na 1862. Amurka na tsakiyar yaƙin basasa, arewa da kudu. Auduga na kudu, masaƙu na arewa, farashi kuwa ya ninka sau da yawa saboda an toshe hanya. Gwamnatin arewa ta yarda a yi ciniki amma sai da takardar izini, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan doka: fasa-ƙwauri, cin hanci, da jami'an da ke da kaso a cikin kayan da aka sa su tsarewa. Mutane iri-iri ne ke cikin harkar, har da hafsoshin soja. Amma a ranar 17 ga watan Disamba na 1862, Janar Ulysses Grant ya sa hannu a wata doka mai lamba 11, wadda ta yi wa Yahudawa kuɗin goro. Ta ce dukkansu su bar yankin da ke ƙarƙashin rundunarsa, wanda ya haɗa da sassan jihohin Tennessee da Mississippi da Kentucky, cikin awa 24. Ba a ware mai laifi da marar laifi ba, ba a ware baƙo da wanda ya daɗe da zama ba.

A garin Paducah na bakin kogin Ohio an tashi iyalai kusan 30. Wani ɗan kasuwa daga cikinsu, Cesar Kaskel, bai tsaya kuka ba. Shi da abokansa suka buga wa Shugaba Abraham Lincoln waya, ya baza labarin a jaridu, sannan ya kama hanyar Washington, inda wani ɗan majalisa mai wakiltar Cincinnati ya shigar da shi wurin shugaban a ranar 3 ga watan Janairu na 1863. Washegari aka aika wa Grant umarnin ya soke dokar.

Akwai wani ɓangare na labarin da takardun kotu suka adana. Mahaifin Janar Grant ɗin kansa ya ƙulla yarjejeniya da wasu 'yan kasuwa Yahudawa na Cincinnati, 'yan gidan Mack masu sana'ar tufafi, cewa zai yi amfani da sunan ɗansa ya samo musu izinin sayen auduga, su kuma su ba shi kaso cikin riba. Daga baya suka saɓa, tsohon ya kai su ƙara, da haka maganar ta fito fili. Masana da dama na ganin fushin wannan abin kunya na cikin abin da ya tunzura janar ɗin, wato ya kasa hukunta mahaifinsa sai ya huce a kan al'umma guda. Grant ya zama shugaban ƙasa a 1869, kuma ya nuna nadamar dokar. Wani ɗalibin Marcus mai suna Bertram Korn ya yi bayanin wannan lamari a littafinsa na 1951 a kan Yahudawa da yaƙin basasa, sannan Jonathan Sarna, wanda shi ma ya koyar a makarantar ta Cincinnati, ya ware masa littafi guda a 2012. Wayar da aka buga, da wasiƙu, da yankakkun jaridu, da takardun ƙara, su ne suka sa bayan shekara 150 ake iya cewa ga wanda ya yi kaza a rana kaza.

Mu dai mun sha ganin yadda ake yi da littafin bashi idan ya cika, ko idan mai shi ya kwanta dama. A kan ajiye shi har a gama rabon gado, daga nan ya koma hannun mai ƙosai ko mai tsire. Ba a ganin darajarsa saboda ba littafin karatu ba ne, alhali a cikinsa ne ake samun farashin buhu a shekara kaza, da sunan wanda ya ba da amana da wanda ya riƙe ta, da hanyar da kaya suka bi lokacin da aka rufe wata.

Rayuwar Marcus ta gida ba ta zo da sauƙi ba. Matarsa ta rasu a 1953, 'yarsu guda ɗaya tilo kuma ta rasu a wata gobara a 1965. Bai sake aure ba. Ɗalibansa ya mayar 'ya'ya, aiki kuma ya mayar abokin zama. A 1972 makarantarsa ta naɗa Sally Priesand, mace ta farko da ta zama rabbi a Amurka, shi kuma a 1981 ya fitar da littafi a kan tarihin matan Yahudawan ƙasar, tare da wani kundi na takardunsu. Babban aikinsa na ƙarshe, tarihin Yahudawan Amurka daga 1776 zuwa 1985 mai juzu'i 4, ya fito ne tsakanin 1989 da 1993, wato ya kammala shi yana da shekara 97. Wasu masana na baya sun soki salon nasa da cewa ya cika jibga bayanai ba tare da dogon sharhi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, littattafan nasa ba na karantawa a zama ɗaya ba ne, sai dai masu sukar ma a rumbunsa suke awo.

Da ya rasu, dukiyar da ya bari ta tafi ga taskar bisa wasiyyarsa, aka kuma sa mata sunansa. Wasiƙunsa, da daftarin littattafansa, da laccocinsa, da littattafan da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, an jera su a akwatuna an yi musu lamba kamar na kowa, kusa da na 'yan koli da teloli da masu kanti da ya tattaro. Taskar ta kuma karɓi manyan tarin takardu na ƙungiyoyi, ciki har da na Majalisar Yahudawa ta Duniya, waɗanda ke ɗauke da rahotannin da suka riƙa fitowa daga Turai a lokacin kisan kiyashin.

Ajiya ma tana da nata haɗarin, domin gini da ma'aikata kuɗi suke ci. A 2022 hukumar gudanarwar Hebrew Union College ta yanke shawarar daina horar da limamai a harabar Cincinnati zuwa 2026, saboda ƙarancin ɗalibai da matsin kuɗi, ta bar wannan aiki ga sauran rassanta, tare da cewa taskar Marcus da babban ɗakin karatun makarantar, wanda ake kira Klau, za su ci gaba da zama a garin. Shawarar ta tayar da ƙura a tsakanin tsofaffin ɗalibai. A 2024 kuma, bayan an sami labarin cewa wani kamfanin gwanjon kayan tarihi ya je ya ƙiyasta darajar wasu tsofaffin littattafan ɗakin karatun na Klau, babban lauyan gwamnatin jihar Ohio, Dave Yost, ya garzaya kotu yana cewa waɗanda suka ba da littattafan da kuɗin kula da su amana suka bayar, ba haja ba. Makarantar ta ce ba ta da shirin sayarwa. Alƙali ya ba da umarnin wucin gadi na hana fitar da littattafan.